Tsohon bututu a ƙarƙashin sabon tayil: yadda aka yanke shawara a wani gida na Tsohuwar GRA, Bauchi

Gidan da zan yi bayani a kansa yana Tsohuwar GRA a cikin garin Bauchi, kuma na Baffana ne, Allah Ya jiƙansa da rahama. An gina shi a shekarar 1978, shekara biyu bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta fitar da Jihar Bauchi daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, a daidai lokacin da ma'aikata 'yan asalin jihar ke ta dawowa daga Maiduguri, garin ya ɗauki gine-gine ta kowace kusurwa. Gida ne na ƙasa mai ɗaki huɗu, falo biyu, banɗaki uku da kicin, kuma daɓensa duk tarazo ne irin na wancan zamani. Bayan rasuwar Baffa, matarsa Hajiya ta ci gaba da zama a ciki tare da autarta da jikoki, sai a ƙarshen 2024 'ya'yan suka haɗa kuɗi domin a yi wa gidan gyara na gaske: a canja rufi da silin, a yi fenti, a sa tayil a banɗakuna da kicin. Da yake kula da aikin gini shi ne sana'ata, ni aka damƙa wa aikin.

A takardar farko da suka aiko mini babu maganar bututun ruwa ko kaɗan, kuma ban ga laifinsu ba, domin mutum yakan lissafa abin da idonsa ke gani ne, bututu kuwa yana binne cikin bango da ƙarƙashin daɓe tun kafin a haifi mafi yawansu. Hajiya ce ta tayar da maganar ranar da na je auna banɗakinta. Ta buɗe famfo a gabana, ruwa ya yi tari sau biyu sannan ya fito ja kamar jiƙon kanwa, ta ce mini kullum da asuba sai ta bar shi ya zuba ya washe kafin ta yi alwala, fararen kayan jikokinta kuma sun daina fari. Ta kunna shawar ruwan zafi, sai ga ruwa yana ɗiga kamar daga bakin buta. Daga nan ta ja ni zuwa barandar da ke tsakanin ɗakuna, ta nuna mini wani wuri a gindin bango inda fenti ya kumbura, farin gari kamar gishiri ya fito, alhali damina ta wuce da wata biyu. Ruwa ba ya tsami banza. A daren na rubuta wa 'ya'yan cewa ba zan bari a manna tayil ko ɗaya ba sai mun san halin da bututun ke ciki.

Babban ɗan gidan, wanda nake kira Yaya, yana aiki a arewacin Ingila, kuma shi ne ke ɗauke da kaso mafi girma na kuɗin. Da ya kira ni, hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce: “Ƙanena, gidan da na saya a nan ya girmi na Baba, amma da aka zo gyara masu aiki sun duba bututun ɗumama ɗakuna suka ce lafiyarsa ƙalau, wanke cikinsa kawai suka yi. Don me za mu farfasa gida a kan ƙarfen da bai gaji ba?” A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani matashin mai aikin famfo da aka fara kirawowa, wanda ko minti goma bai yi a gidan ba ya ce a tone komai a zubar, har da magudanar banɗaki, ya kawo lissafin da ya kusa cinye kuɗin rufi. Ɗaya ya ce a bari duka, ɗaya ya ce a cire duka, kuma babu wanda ya leƙa cikin bututun a cikinsu.

Na fara da maganar Yaya, domin abin da aka gaya masa a Ingila gaskiya ne, sai dai gaskiyar wani bututu ce daban. A ƙasashen sanyi, bututun da ke ɗumama ɗakuna rufaffen zagaye ne: ruwa ɗaya ne ke tashi daga tukunyar wuta, ya bi ta cikin faranten ƙarfe da ke jikin bango, ya koma tukunya, haka shekara da shekaru. Tsatsa ba ta yiwuwa sai da iskar oksijin, kuma 'yar iskar da ta shigo da ruwan farko takan ƙare da wuri, ga shi ana zuba wa ruwan maganin hana tsatsa. Shi ya sa irin wannan bututu yakan daɗe ƙwarai idan ba a yawan ƙara masa sabon ruwa. Bututun gidan Baffa kuwa buɗaɗɗe ne: duk lokacin da aka murɗa famfo, sabon ruwa ne ke shiga da sabuwar iska. Ƙari a kan haka, duk sa'ad da tanki ya ƙare saboda rashin wutar jan ruwa, bututun yakan bushe, iska ta cika shi, sannan ruwa ya dawo, kuma babu abin da ke cin ƙarfe kamar wannan jiƙewa da bushewa. Yaya mutum ne mai sauraro. Ya ce ya fahimta, amma yana son ya ga hujja daga gidan kansa, ni ma abin da nake so ke nan.

Na nemo wani dattijo da ya shekara fiye da arba'in yana aikin famfo a garin nan, wanda kowa ke kira Baba, muka fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Tankin gidan mai lita 2,000 ne, a kan ƙarafa masu tsayin kusan mita 4. Tunda kowane mita 10 na tsayi yana ba da matsin ruwa na kusan ba 1 (ba, wato bar a Turance, shi ne ma'aunin matsi), gidan gaba ɗaya yana aiki ne da abin da bai kai rabin ba ɗaya ba, wato ba shi da rarar ƙarfin da zai yi asara a hanya. Muka ɗauki bokiti mai lita 20 da agogon waya. A famfon da ke gindin tanki, bokitin ya cika cikin daƙiƙa 40. A kicin ya ɗauki kusan minti 4. A layin ruwan zafi na banɗakin Hajiya sai da muka jira minti 10. Da magariba muka cika tanki, muka rufe kowane famfo, muka ɗaure ƙwallon tankunan masai da igiya domin kada su ja ruwa, Baba ya ja layi da alli a jikin tankin. Da safe ruwa ya sauka santimita 7, wanda a faɗin wannan tanki ya kai kimanin lita 90. Fiye da bokiti huɗu ke nan suna shigewa ƙarƙashin gidan kowane dare, ba tare da kowa ya sha ko ya yi wanka da su ba.

Wannan ya nuna akwai yoyo kuma akwai toshewa, amma bai nuna ko ɓarnar ta wuri ɗaya ce da za a yanke a ɗinke ba, ko kuwa ta game jiki. Gani ya kori ji. Na sa aka yanko gunduwa huɗu, kowace tsawon tafin hannu, daga wurare huɗu da yanayinsu ya bambanta.

Bututun gidan irin wanda masu aiki ke kira galbanais ne, wato ƙarfe da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Aikin tutiyar shi ne ta ci tsatsa a madadin ƙarfen, kuma muddin tana nan ƙarfen yana cikin aminci. Ranar da ta ƙare, ƙarfen ya shiga uku. Gunduwa ta farko daga bututu mai inci ɗaya ne da ke saukowa daga tanki, a sarari, iska na kaɗa shi. Cikinsa ya yi ja kaɗan, amma kaurin jikinsa yana nan, da Baba ya buga shi da sifana sai ya yi ƙara tangararas. Ta biyu daga layin ruwan sanyi ne da ke binne kusa da bangon nan mai danshi. Wannan an ci shi ta fuska biyu: ta waje damshin ƙasa ya yi masa ramuka kamar zanen ƙyanda, ta ciki kuma tsatsa ta yi ƙuraje-ƙuraje ta cinye kusan rabin hanyar. Da aka kankare ɗaya daga cikin ƙurajen da bakin wuƙa, sai ga huda a ƙarƙashinsa, ashe tsatsar ce kanta ke toshe ramin da ta yi.

Gunduwa ta uku ita ce ta kashe gardama. Daga layin ruwan zafi aka yanko ta, bututu mai rabin inci wanda a sabonsa faɗin cikinsa ya kai milimita 15 zuwa 16. Baba ya ɗaga ta sama ya kalli rana ta ciki, ya miƙo mini, ya ce: “Injiniya, sa fensirinka mu gani.” Fensir bai shiga ba. Sai da ya karyo tsinken tsintsiya sannan ya wuce, ya fito da jan gari a jikinsa. Da ya sa sifana zai kwance gwiwar da ke haɗe da ita, wuyan bututun ya gutsure a hannunsa kamar busasshen rake, daidai wurin zaren murɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin lokacin da ake yanka zare a bakin bututu ana kankare tutiyar ne tare da wani kaso na kaurin ƙarfen, saboda haka mahaɗa ita ce wuri mafi rauni tun ranar farko. Zafi kuma yana gaggauta tsatsa, har ma a wasu nau'o'in ruwa idan zafin ya haura digiri 60 tutiyar takan daina kare ƙarfen, ya koma shi ake ci. Toshewar kuma ba ta rage ruwa daidai da yadda ido ke gani: idan faɗin cikin bututu ya ragu da rabi, ruwan da zai wuce a matsi iri ɗaya yakan koma kusan kashi ɗaya cikin shida, kafin ma a lissafa kaushin da tsatsa ke ƙarawa. Minti goman da muka yi muna jiran bokiti ke nan a zahiri.

Gunduwa ta huɗu ta koya mini abin da ban zata ba. Wani lokaci a baya, da aka canja hitar banɗakin, wanda ya yi aikin ya haɗa guntun bututun jan ƙarfe kai tsaye da tsohon galbanais. Jan ƙarfen yana nan sumul kamar jiya aka sa shi, amma ƙarfen da ke manne da shi ya zama kamar rariya. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwa, sukan zama tamkar batir, mai rauni a cikinsu ya riƙa narkewa domin ɗayan. Gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya shi ya gaggauta mutuwar wannan sashe, kuma wannan ya sa na ƙi shawarar da wani ya kawo daga baya cewa a yanke ruɓaɓɓun wurare kawai a cike da sabo. Tsohon bututu irin wannan, duk inda aka sa masa sifana, girgizar takan farfasa tsatsar da ke riƙe da mahaɗa ta gaba.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi damun Hajiya saboda jikoki. Jan ruwa ba shi da daɗin gani, yana ɓata tufafi, yana canja ɗanɗanon shayi, amma sinadarin ƙarfe a irin wannan adadi ba shi ne babban abin tsoro ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta sa iyakarsa a miligiram 0.3 cikin lita, kuma galibi saboda launi da ɗanɗano ne. Abin tsoron shi ne dalma, domin tutiyar da aka yi amfani da ita a tsofaffin bututu takan zo da ɗan gaurayen dalma, haka ma wasu tsofaffin kawunan famfo na tagulla. Iyakar dalma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Nijeriya ita ce miligiram 0.01 cikin lita, kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadinta a jinin yaro da aka tabbatar ba ya cutarwa. Dalma ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa kuma ba ya kawar da ita. Na kai samfuri biyu ɗakin gwaji, ɗaya daga bakin rijiyar burtsatse, ɗaya daga ruwan farko na asuba a kicin. Na rijiya ya fito lafiya. Na kicin ƙarfensa ya haura iyaka, dalmarsa ba ta kai iyaka ba. Mun gode wa Allah a kan haka, sakamakon kuma ya tabbatar mana cewa ruwan yana shiga gidan da tsabtarsa, a cikin bututu yake ɓaci.

Na ɗauki hoton gunduwoyin huɗu a jere a kan farar takarda, da tsinken tsintsiyar a cikin ta uku, na tura wa Yaya tare da lissafi. Tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, kayan gini da ake shigowa da su sun yi tashin da a lokacin aikin mai shago ba ya yarda ya riƙe maka farashi na mako guda, saboda haka ba zan kawo adadin naira a nan ba, ba zai amfani mai karatu ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gwargwado: sabon bututu na gidan gaba ɗaya, kaya da ladan aiki, ya tsaya kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin gyaran, alhali tayil da aikin manna shi sun ninka wannan fiye da sau biyu. Idan aka manna tayil a kan tsohon bututu, ranar da ya fashe sai an farfasa tayil ɗin, kuma duk wanda ya taɓa komawa kasuwa neman irin tayil ɗin da ya saya shekara biyu baya ya san da wuya ya samu launi ɗaya. Tambayar da na sa a gaban iyalan ba ita ce ko bututun ya tsufa ba. Na ce mu tambayi kowane sashe abu biyu: me muka gani a cikinsa, kuma idan ya lalace gobe, me za a fasa kafin a kai gare shi? Yaya ya amsa da layi ɗaya cewa a yi yadda ya dace.

Bisa wannan aka raba bututun gida uku. Duk layin ruwan zafi, da duk bututun ruwan famfo da ke binne a bango ko a ƙasa daga tanki zuwa cikin gida, an yanke masa hukuncin canji ba tare da togiya ba. Bututun da ke saukowa daga tanki an bar shi, domin mun ga cikinsa, yana sarari inda ido zai ga yoyonsa ranar da ya fara, sannan ƙarfe ya fi roba jure ranar Bauchi ta watan Maris da Afrilu. Manyan magudanan banɗaki na baƙin ƙarfe, waɗanda matashin nan ya ce a tone, mun buɗe ramukan dubawa mun zuba ruwa mun ga yana wucewa ba tangarɗa, jikinsu kuma da kauri, sai aka wanke su aka gyara mahaɗa biyu aka bar su.

Sai matsalar tarazo. Tsohon layin ya ratsa ta ƙarƙashin falo da baranda, kuma Hajiya ta ce mini a fili: “Ɗana, ka yi duk abin da za ka yi, amma kada a taɓa mini daɓen nan, Alhaji da kansa ya tsaya aka zuba shi.” Ko ba don wannan ba, ni ma ban so a fasa shi ba, domin tarazon da ya shekara 46 bai tsage ba ya fi yawancin abin da za a saya yau, kuma facinsa ba ya ɓoyuwa. Abin da ya cece mu shi ne tsarin ginin: banɗakuna uku da kicin duk suna jingine da bangon waje. Sai muka bar tsohon bututun a kabarinsa, muka yanke shi daga tushe ta yadda ko ɗigo ba zai sake shiga cikinsa ba, muka ja sabon layi ta bayan gida a gindin bango, ya riƙa huda bango yana shiga kowane banɗaki kai tsaye. Kowane reshe an sa masa makullin ruwa nasa a waje, ta yadda idan famfon kicin ya lalace ba sai an hana gida duka ruwa ba.

Wajen zaɓen sabon bututu ba mu daɗe ba. Farin bututun PVC da ake haɗawa da gam shi ne mafi araha, amma ba a yi shi domin ruwan da ya wuce digiri 60 ba, kuma na sha ganin inda ya yi laushi ya saki a bakin hita. Jan ƙarfe yana da kyau, sai dai tsada da kuma ɓarayin ƙarfe idan yana waje. Sabon galbanais kuwa komawa gidan jiya ne. Muka tsaya a kan koren bututun PPR, wanda ake haɗawa da narkarwa, mai lambar PN20 da aka yi domin ruwan zafi. Amma a nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Lambar da ke jikin PPR faɗin waje ce, jikinsa kuma yana da kauri: mai milimita 20 faɗin cikinsa kusan 13 ne kawai, wato ya fi tsohon rabin inci ƙunci. A gidan da ke dogara da tanki mai tsayin mita 4, wanda ya maye rabin inci da mai 20 ko'ina zai kashe kuɗi ya dawo yana kukan rashin ƙarfin ruwa. Saboda haka babban layi muka sa mai 32, rassa mai 25 wanda cikinsa ya kusa 17, mai 20 kuma sai a ɗan guntun ƙarshe da ke shiga kan famfo.

Roba tana da halinta da dole a bi ta da shi. Hasken rana yana cinye PPR a hankali har ya yi gautsi, don haka duk abin da ke waje an sa shi cikin kwasfa an rufe. Yana kuma miƙewa da zafi fiye da ƙarfe sau goma da ɗoriya: mita 10 na bututun, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan ƙara tsawon kusan santimita 6. Idan aka ɗaure shi tamau ko aka kama shi da siminti ba sarari, zai lanƙwashe ko ya tura tayil. A layin zafi mun naɗe shi da soso kafin yaɓe, muka bar masa wurin motsi a kowace kwana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a aikin duka ba ruwa ba ne, wuta ce. Ranar da ake yanke tsohon layi a bayan kicin, mai aikin wutarmu ya tsayar da yaran, ya nuna mini wata tsohuwar waya da aka ɗaure da maƙalli a jikin bututun. Ashe tun 1978 wannan bututun ƙarfe shi ne hanyar da ɓatacciyar wutar gidan ke bi ta shige ƙasa, kamar yadda aka saba yi a gine-ginen wancan lokaci. Roba ba ta ɗaukar wuta. Da mun canja bututu mun tafi, da mun bar gida mai hita biyu ba shi da wayar ƙasa, kuma ranar da abin ɗumama ruwa na cikin hita ya fashe, jikin mai wanka ne zai zama hanyar. Kafin a sake kunna ko ƙwai ɗaya, sai da aka kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai danshi aka auna ta, aka haɗa kowace hita da ita, aka kuma sa wa layin banɗakuna makashin da ke yanke wuta da kansa idan ta zurare da miliamfiya 30. Duk wanda zai cire bututun ƙarfe daga tsohon gida, ina roƙonsa ya kira mai aikin wuta a rana ɗaya da mai aikin famfo.

A jikin tsohuwar hitar kuma mun tarar an toshe bakin bawul ɗin da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa, wataƙila domin ɗigarsa ta dami wani. An sa sabo, aka ja masa siririn bututu zuwa magudana. Mun kuma cire wani reshe da ke zuwa wurin wankin hannu da aka daina amfani da shi tun tuni, domin ruwan da ke kwance a makahon reshe, mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, shi ne gidan ƙwayar Lijiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa kamar na shawa take kama mutum. Na nuna wa autar Hajiya inda za ta bar ma'aunin hita a kan 60.

Kafin birkila ya taɓa siminti, mun toshe bakunan duka, muka cika layin da ruwa, muka matsa shi da famfon gwaji na hannu har ba 10, wanda ya ninka abin da gidan zai taɓa gani sau da yawa, muka bar shi ya kwana. Allurar ma'aunin matsi ta ɗan sauka a sa'ar farko, kamar yadda roba ke yi idan tana buɗewa, sannan ta tsaya. Babu yoyo. Amma da muka maimaita gwajin bokiti, kicin ya ƙi ba da ruwa yadda lissafi ya nuna. Baba ya bi layin yana shafa kowace mahaɗa da yatsa, ya tsaya a kan wata gwiwa da bakinta ya yi kumburi fiye da sauran, ya ce a yanke. Da aka tsaga ta, narkakkiyar roba ta naɗe ta ciki ta rufe fiye da rabin hanya. Injin haɗa PPR yana aiki ne a digiri 260, kuma bututu mai 25 daƙiƙa 7 kawai yake buƙata a kansa; ɗaya daga cikin yaran ya bar shi ya wuce lokaci, ya kuma tura shi da ƙarfi fiye da kima. Gwajin matsi ba ya kama irin wannan kuskure, domin mahaɗar ba ta yoyo, toshewa ta yi. Da mun dogara da allura kaɗai, da mun binne sabuwar toshewa a madadin tsohuwa. Baba ya sa aka yanke duk mahaɗan da yaron ya yi a ranar, guda tara, ya tsaya a kansa ya sake su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga masa daƙiƙa da baki.

Bayan haka bokitin kicin ya cika cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, na ruwan zafi a banɗakin Hajiya cikin ƙasa da minti biyu, ba tare da an ƙara wa tanki tsayi ko an sayi injin tura ruwa ba. Na ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa kafin a yaɓe, na zana hanyar layin a takarda, aka ba Hajiya kwafi ɗaya ta ajiye tare da takardun gida, aka tura wa Yaya ɗaya.

Aikin ya ƙare a tsakiyar hunturu, kuma a karon farko cikin shekaru Hajiya ta daina sa a dafa mata ruwan wanka a tukunya. Layin allin da muka sake ja a jikin tanki ya kwana inda yake. Bangon baranda ya ɗauki kusan wata uku kafin ya bushe sosai, shi ya sa na hana a yi masa fenti tare da sauran gidan, sai da aka kankare gishirin aka sake yaɓe gindinsa, kuma damina ta zo ta wuce bai sake kumbura ba. Sashe ɗaya ne ya rage da ban gamsu da shi ba: tsohon layin ruwan gari da ke shigowa daga bakin ƙofa zuwa tanki, mai tsawon kusan mita 30 a ƙarƙashin farfajiya. Kuɗi bai kai gare shi ba, kuma ba ya ƙarƙashin tayil ko tarazo, ƙasa ce kawai a kansa. Mun sa masa makulli a kowane ƙarshe, an rufe su, an kuma rubuta a takardar gidan cewa za a canja shi kafin a shimfiɗa bulon farfajiya da iyalan ke shirin yi.